Yaron da Ya Iya Kintacen Rudu

Sana'ata albasa ce, amma abin da na ci abinci da shi tsawon rayuwata ido ne. Ban gaji gona ba, ban gaji rumfa ba. Daga Sifawa na shigo Bodinga da riga ɗaya, na fara da ɗaukar buhu, na koma bin dillalai ina riƙe musu igiya, har na gane wanda ya fi kowa samu a harkar nan. Ba manomi ba ne, ba kuma mai mota ba. Shi ne mutumin da zai tsaya a bakin gona kafin a cire albasa, ya dubi ganye, ya tona kai biyu ko uku da yatsa, ya ce buhu kaza za ta yi, kuma ta yi. Wannan muke kira kintace. Da shi ake sayen gona a tsaye, da shi kuma ake sayen rudu, wato rumfar kara da manomi ke ɗagawa bisa itace ya jibge albasarsa a ciki, ya lulluɓe da ciyawa, ya jira damina ta yi nisa farashi ya tashi. Ba mai buɗe maka rudu ka ƙirga. Za ka zagaya shi, ka shinshina, ka ga yadda ya zauna, ka cire na ruɓa da na ramewa a cikin kanka, sannan ka yi tayi. In ka dace ka ci riba. In ka kuskure, kai da iyalinka kun san shekarar.

'Ya'yana kuwa da kaza na fara koya musu kuɗi. Duk wanda ya kai ya riƙe kofin kunu bai zubar ba, sai in sayo masa budurwar kaza in ce tasa ce. Ta yi 'yan tsaki ya sayar ya sayi akuya, akuya ta zama tunkiya. In shaho ya ɗauke 'yan tsakin ba na sake sayo wata. Uwarsu ta sha yi mini faɗa a kan haka, tana cewa yaro na kuka ina kallo. Ni kuma na fi son ya yi kukan kaza yana ɗan shekara shida da ya yi kukan mota yana da iyali. Babban ɗana ya riƙe kazarsa da kyau, amma ba shi da idon kasuwa, ya zama malamin firamare, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Na biyun yana kudu, shi ke karɓar motocin da nake lodawa. Shi ma lissafi ya iya, ba kintace ba.

Idon sai ya tsallake su ya faɗa kan jikana, ɗan malamin. Tun yana ƙarami nake goya shi a bayan babur ranar kasuwar Shagari, muna tafe muna wasa. In mun wuce rudu a bakin hanya sai in rage gudu.

"Aboki, wanga hwa?"

Sai ya leƙo ta gefen kafaɗata ya faɗi abin da ya gani. Da farko shirme yake yi, in yi masa dariya in ce ko makaho ya fi shi. Shi kuma ya ce ai tsufa ya sa nake ganin ɗaya biyu. In ya kusa daidai, tsire biyu ne ladansa. Kafin ya gama firamare na daina dariya. Wata rana a Horo Birni ya ja mini riga bayan na yi tayi, ya raɗa mini cewa gefen gabas na rudun ya sha ruwa, in duba ƙudajen da ke wurin. Na duba, haka ne. Na rage tayina, kuma da aka buɗe sai ga ruɓa har tsakiya.

Ranar na ba shi la'ada a gaban mutane, kamar yadda ake ba kowane dillali. Na gaya masa abin da ni ma aka gaya mini, kuma na ga amfaninsa: dillali ba shi da albasa ko kai ɗaya, abin da ya sani yake sayarwa. Ya san wa ke da kaya, wa ke neman kaya, wa ya matsu. Na ce masa kada ya riƙa zubar da saninsa kyauta a teburin mai shayi kamar yadda wasu ke yi. Wanda ke so ya biya. Doka ɗaya na ƙara masa, cewa ba a kintata kayan gida ga bare. Ya riƙe duka biyun, don yaro ne mai riƙe magana.

A shekarun da yake girma ƙasar ta sake. A da in mutum ya sayar da rudu kowa ya sani, zai ɗinka sabuwar riga, ya yanka akuya, ya sake fentin ƙofar gida. Sai aka wayi gari masu kuɗi sun koma sa tsofaffin riguna. Gine-gine suka tsaya a rabi, ba don siminti ya ƙare ba. Aka fara jin an ɗauki wane a can, an ɗauki wane a can, da farko a wurare masu nisa da sai ka tambayi inda suke, daga baya a garuruwan da na taɓa sayen albasa. In an loda mota, mai kaya ba ya tsayawa kusa da ita. In an turo masa kuɗi ta waya, sai ya duba ya mayar aljihu, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ni ma na sayar da motata na koma kan tsohon babur. Rudunana na rarraba su, wasu a bayan gidana, wasu a gidajen aminai a ƙauyuka, har da guda a Dandin Mahe da mutanen garin suka ɗauka na mai gidan ne. Wasanmu na kan hanya dai ba mu bari ba. Yaron ya kai sha bakwai, shi ke tuƙa ni, ni ke bayansa ina tambaya.

A daminar da nake magana, wani mutum ya fara zama a teburin mai shayin da ke kusa da layin 'yan albasa a Shagari. Ya ce shi wakilin masu injin ban ruwa ne mai aiki da hasken rana, daga Sakkwato, suna bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Yana da takarda mai sheƙi da hotunan injin. Mutum ne mai tsabta, mai ladabi, yana shiga sahu in an tada salla. In ya gan ni sai ya miƙe.

"Alhaji, an wuni lahiya? Ya jama'a? Ya kasuwa? Allah shi ƙara girma."

In amsa masa yadda ya kamata. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na ga ya sayi hula a hannun wani yaro mai yawo da huluna, yaron ya faɗi kuɗin farko, shi kuma ya zaro ya biya. Bai nemi ragi ba, bai yi tayi ba, bai ko juya hular ya duba ɗinkin ciki ba. Wanda ya taɓa neman kuɗi da guminsa ba ya sayen hula haka. Na ce a raina wataƙila irin ma'aikatan nan ne da ake biya duk wata, na bar maganar. Amma har aka ci kasuwa da yawa ban ga inji ko ɗaya an sauke ba.

Sai wata ranar da na dawo gida da hantsi na tarar da ɗan rago ɗaure a gindin darbejiyar tsakar gida, fari mai baƙin kai, lafiyayye. Hajiya, kakar yaron, tana zaune tana tsince shinkafa tana yi masa tsiya.

"Ga angona ya yi arziki. To ni dai a kawo man nawa kason, in ba haka ba in koma gidanmu."

"Ke da kin tsuhwa, wa za shi amshe ki can?" in ji shi, yana ba ragon dusa.

Na yi dariya tare da su. Amma na san a watan nan ban ba shi aikin da zai sayi rago ba, kuma tumakinsa duka suna nan, bai sayar da ko ɗaya ba. Na kira shi zaure.

"Aboki, ina kas samu kuɗɗin rago?"

"La'ada ta, Kaka." Ya faɗa yana murmushi, yana jiran in yaba.

"La'adar mi?"

Ya ce mai injin ne. Mutumin ya ce ba ya son ya ba manomi inji ya zo ya kasa biya, don haka yana neman wanda ya san manoman yankin. An nuna masa yaron. Da farko katin waya yake tura masa, yaron ya ce shi ba a biyansa da kati, kakansa ya hana shi aikin banza. Mutumin ya yi dariya ya fara turo kuɗi sosai, kowane suna da farashinsa.

"To mi shika tambayarka?"

"Wa yas saida rudu, buhu nawa, yaushe anka loda, ko an biya shi duka."

"Ya taɓa tambayarka wa ad da kaya bai saida ba?"

Ya yi tunani. Ya ce a'a.

"Wa ad da hwadama babba? Wa ad da rijiya? Wa ka wahalar ban ruwa?"

Ya ce bai taɓa tambaya ba.

Na daɗe a kasuwa. Mai saye yana tambayar wa ke da kaya. Mai sayar da inji yana tambayar wa ke da fadama da ruwa. Mutumin da ba ruwansa da albasa sai bayan ta bar gida ta zama kuɗi, na san abin da yake nema, kuma na ga yaron ya gane a daidai lokacin da na gane, don murmushin ya bar fuskarsa ya zauna a ƙasa ba tare da na ce ya zauna ba. Ban ɗaga murya ba. Duka ba zai dawo da abin da ya riga ya fita daga bakinsa ba. Na ce ya faɗa mini sunayen da ya bayar. Mutum huɗu ne.

Abin da na fi tsoro tun daga wannan lokacin shi ne sunan da za a kira yaron da shi. A ƙasarmu yanzu akwai kalma ɗaya, infoma, wato mai kai wa masu ɗaukar mutane rahoto. In ta manne wa mutum ba a tsayawa a tambayi shekarunsa, ba a tambayi ko ya san abin da yake yi. Na ga yadda ake yi da wanda aka kira haka, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Na hau babur ni kaɗai na bi mutum huɗun nan kafin la'asar. Kowanne na ja shi gefe na ce na ji ana tambayarsa, ya bar kwana a gida na ɗan lokaci. Ban faɗi inda na ji ba. Uku suka ji, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka shigo gari wurin dangi. Na huɗun tsohon abokin cinikina ne, manomi a wani ƙaramin ƙauye bayan Dandin Mahe, wanda na yi shekaru ina sayen albasarsa. A bana wani mai mota ne ya riga ni, ya kwashe rudunsa duka. Na same shi a gonar gero yana noma da 'ya'yansa. Ya saurare ni ya dogara da hauya, ya kama gefen rigarsa da ta yage ya nuna mini.

"Alhaji, dubi ni. Wa za shi wahal da kainai a kan wanga tsumma? In nit tahi gari, wa za shi yi man noma? Kai?"

Na ce ba wasa nake yi ba. Ya ce ya sani, ya gode, Allah na nan. Ya ba ni ruwa a buta na sha na tafi.

Ba a yi mako ba, da safe ina karyawa, waya ta shigo. An zo an tafi da shi. Ba a taɓa kowa ba, ba a ɗauki ko akuya ba, gidansa kawai aka nufa, kamar an zo da kwatance.

Yaron ya daina cin abinci. Na hana shi zuwa kasuwa, na ce wa mutane zazzaɓi yake yi. Mai injin bai sake zama a teburin mai shayi ba. Ni kuwa na ci gaba da fita kamar kullum, don in na ɓace ni ma za a lura. A kasuwar Shagari ta gaba na zauna a rumfata ina jin magana na yawo. Waɗanda suka ɗauke shi sun kira babban ɗansa. Ɗan ya ce musu su talakawa ne, ba su da komai. Suka faɗa masa yawan buhunan da ubansa ya sayar, da ranar da aka loda, har da waɗanda aka ware saboda ruɓa. Wani dillali da muka tsufa tare ya zo ya zauna kusa da ni, yana ɓare goro, bai dube ni ba.

"Abin mamaki, Alhaji. Shi mai motar baƙo na, ya loda ya wuce. Masu ɗauka ba su ƙirga na ruɓa ba. Wanga lissahi na mai ido na." Ya tauna goron. "Kuma kasuwag ga masu irin wanga ido ba su da yawa."

Na ce haka ne.

"An ce kai kaj je kag gargaɗe shi."

Na ce ni ne.

"Allah shi saka. Ya jikin yaro?"

Na ce da sauƙi. Ya miƙa mini rabin goron ya tashi. Bai fito fili ba, amma ya faɗi duka. Na san in shi ya haɗa, wasu ma za su haɗa, kuma ba kowa ne zai zo da goro ba.

Da na koma gida na tarar da yaron a zaure yana jirana, waya a hannunsa. Mutumin ya kira shi da azahar. Ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi jikinsa, don ya ji an ce ba shi da lafiya. Sannan ya ce saura aiki ɗaya, mai tsoka, kuɗinsa ya fi na sauran duka. Kakanka fa?

"Mi kac ce mai?"

"Nic ce ba a kintata na gida."

"Shi hwa?"

Ya ce mutumin ya yi dariya ya ce madalla da tarbiyya, to bari ya taya shi. Sai ya lissafa masa rudunana ɗaya bayan ɗaya, na bayan gida, na ƙauyuka, har da na Dandin Mahe wanda ko Hajiya ba ta san da shi ba. Ya ce yaron ya gyara masa in ya yi kuskure. Kafin ya kashe ya ƙara da cewa su ba sa mance wanda ya yi musu aiki, kuma duk kuɗin da suka tura yana nan a rubuce cikin waya, in wata rana mutanen gari suna son gani.

Na tambayi yaron ko mutumin ya yi kuskuren. Ya ce bai yi ba.

Wato ba idon jikana kaɗai suke saye ba. Akwai wani, ko wasu, kuma cikin waɗanda nake gaisawa da su ne.

Na kira ubansa daga makaranta, muka zauna mu uku. Na ce yaron zai bi mota zuwa kudu wurin baffansa. Uban ya ce in ya gudu ai ya amsa laifi ke nan, gara a ɓoye maganar, a karya layin wayar, a yi shiru. Na ce shirun ya riga ya ƙare, tunda mutumin na riƙe da shaida kuma dillalai sun fara lissafi. Maganar za ta fito. Abin da ya rage mana shi ne ta bakin wa za ta fito, da kuma inda yaron yake a ranar.

Game da kayana, na yi tunani irin na ɗan kasuwa. Su albasa ba ta yi musu amfani, kuɗi suke bi. In na sayar a nan na zama irin mutumin da suke tambaya. In na bari a rudu, za su ɗauke ni su sa 'ya'yana su sayar. Don haka na buɗe rudunan duka, farashi bai gama tashi ba, na loda su da rana tsaka kowa na gani, ban karɓi ko kobo a hannun kowa ba. Na faɗa da ƙarfi a wurin lodi cewa kayan na ɗana ne na kudu, can za a sayar, can kuɗin zai zauna. Na yi asara, na san ko nawa ce, kuma ban yi baƙin cikinta ba. Na Dandin Mahe kuwa ban loda shi ba. Na kira 'ya'yan manomin da aka ɗauka na ce su buɗe su sayar su haɗa da kuɗin fansar da suke tarawa.

Ragon ma can ya tafi. Na sa yaron ya kwance shi da hannunsa ya miƙa wa wanda zai kai. Hajiya na tsaye a ƙofar ɗaki, ba ta yi tsiya ba ranar. Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin kunu a leda, ta ce, "Angona, ka riƙa salla kan lokaci," ta shige ɗaki.

A wurin lodi, kafin ya hau, ya tsaya gabana ya kasa ɗaga kai.

"Kaka, kai kac ce kada in ba da sanina kyauta."

"Ni nic ce, kuma ban janye ba."

"To mi ya kamata in yi?"

Na ce masa duk wanda ya miƙo masa kuɗi, kafin ya amsa ya nemi inda ribar mutumin take. Mai sayen albasa ribarsa na kudu, mai mota ribarsa na kan hanya, mai shayi ribarsa na cikin butarsa, duka ana ganinsu. In ya duba ya duba bai ga inda mai biyansa zai ci ba, to akwai inda zai ci, ɓoye shi aka yi, kuma ba a ɓoye na halal. A zamaninmu ba a buƙatar a gaya wa yaro wannan, don duk mai tambayar albasa albasa yake so. Ya ce ya ji. Na karɓi wayarsa na ba shi wata da sabon layi. Ya hau gaba kusa da direba, mutumin da na sani tun yana yaron mota.

Na jira har direban ya kira ya ce sun yi nisa, sannan na sa babbar riga na tafi wurin hakimi. Na cire takalmi na zauna inda ake zama.

"Allah shi ja zamaninka. Allah shi ƙara ma imani da lahiya. Magana nika tahe da ita, kuma a kan gidana take."

Na faɗa masa duka, tun daga hular har zuwa ragon, ban rage wa yaron komai ba, ban ƙara masa ba. Hakimin ya saurare ni har ƙarshe. Ya tambayi inda yaron yake, na faɗa. Ya ce da a gari yake da shi ma abin da zai ce a yi ke nan. Ya kira waɗanda aikinsu ne, suka yi mini tambayoyi, suka kwashe abin da za su kwasa daga wayar, suka dawo mini da ita. Suka ce in bar ta a kunne, in an kira kada in ɗauka, in sanar da su.

Maganar ta bazu kamar yadda na sani za ta bazu, amma da bakina a gabanta. Wasu suka ce yaro ne, an yaudare shi. Wasu suka daina zama a rumfata. Akwai wanda ya tofa yawu da na wuce, na yi kamar ban gani ba. Ba wanda ya zo ƙofar gidana, abin da nake nema ke nan.

An sako manomin bayan an yanke gero. An sayar da fadamarsa da shanun nomansa kafin kuɗin su cika. Na je gaishe shi. Yana kwance a kan tabarma a inuwa, ƙafafunsa sun kumbura, ya rame har na ga ƙashin wuyansa. Na san an riga an gaya masa, amma na sake faɗa masa da kaina. Ya saurara idonsa a rufe.

"Yaron ya hwaɗi daidai?"

"Daidai ya hwaɗi."

"Har na ruɓa?"

"Har su."

"To ka koya mai da kyau, Alhaji."

Ban san yadda yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha. Har yau muna gaisawa, ɗansa na yi mini aiki a wurin lodi. Maganar albasa ba ta sake haɗa mu ba, don ba shi da inda zai shuka ta.

Yaron yana kudu har yanzu. Baffansa ya ce tun mota ba ta gama tsayawa ba yake faɗin abin da ke cikinta, 'yan kasuwar can suna mamaki. Da salla ta matso ya kira ya ce yana son zuwa gida. Na ce ba bana ba. Ya ce yaushe. Na ce in lokaci ya yi zan faɗa masa. Ƙanwarsa ta kai shekarun kaza, na sayo mata, tana kiwo, shaho ya ɗauki 'yan tsaki biyu ta yi kuka ban sake sayo mata ba. Wannan ban canza ba. Rannan na goya ta zuwa Sifawa gaisuwa, muka wuce wani rudu a bakin hanya, ta ce, "Kaka, wanga buhu nawa za shi yi?" Na ce ta riƙe ni da kyau, akwai rami a gaba.

Tsohuwar wayar tana aljihuna na ciki, kullum da caji. Takan yi wata guda shiru. Sai ranar kasuwa, ina zaune a rumfa ana ciniki, in ji tana motsi a ƙirjina, kowane karo da baƙuwar lamba. Ba na ɗauka. Nakan ɗaga kai in bi layin 'yan albasa da ido, daga teburin mai shayi har wurin lodi, ina neman wanda ke riƙe da waya a kunne. Kullum sun fi goma, kuma kowannensu na san ubansa.